Na'urarka na jinkirin tashi bayan an ɗauke wuta: hanyoyi biyar, wacce za ka kama?

Wani ƙanena da ke Marwa a arewacin Kamaru, wanda bai daɗe da gama karatun injiniya ba, ya kira ni ana gab da sallar Magariba, murya duk a dagule. Ya haɗa wa wani kantin magani ƙaramar na'ura ce da Raspberry Pi 4, wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu da ke aiki da tsarin Linux, tana nuna lambar masu bin layi a sikirin, tana kuma buga rasit. Aiki ya yi kyau, mai kanti ya yaba. Matsalar ɗaya ce: duk sanda aka ɗauke wuta aka tada janareta, sai na'urar ta shafe kusan minti guda kafin ta dawo hayyacinta, ga mutane tsaye da takardar likita a hannu. Ya ce, "Yaya, wasu sun ce in koyi Buildroot, wasu sun ce in ajiye Pi ɗin in sayi ESP32, wani kuma ya ce batir kawai zan sa. Wanne zan kama?"

Na ce masa ya bari in zauna in rubuta, don amsar ta fi ƙarfin kuɗin waya. Ga shi na rubuta, saboda shi da duk mai haɗa irin waɗannan ƙananan kwamfutoci da ake dasawa cikin na'ura, ko a Garwa yake, ko Ngaundare, ko Kuseri, ko ya haye gada yana Njamena.

Masu wannan sana'a a ƙasashen waje ma suna fama da jinkirin tashi, sai dai dalilinsu daban. A Amurka, tun watan Mayu na 2018 doka ta wajabta wa sabbin motoci kyamarar baya, kuma hoton ya bayyana cikin sakan 2 da sa giyar baya. Mu namu dalilin wuta ce. Ginshiƙin lantarkin arewacin Kamaru shi ne madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. In rani ya tsananta ruwa ya ja baya, sai ƙarfin ya ragu, daidai lokacin da zafin Maris da Afrilu ke haye digiri 40 kowa na neman fanka. Tashoshin sola na Marwa da Gidar sun rage raɗaɗi, amma duk da haka mai haɗa na'ura a nan dole ya sa a ransa cewa za ta riƙa mutuwa ba sallama. Shi ya sa ba na raba tambayar "sakan nawa take tashi?" da 'yar'uwarta, "za ta ma tashi kuwa?"

## Mudun da za mu auna da shi

Na farko, sakan nawa daga dawowar wuta zuwa fara aikin da aka yi na'urar dominsa. Ba lokacin da Linux ya ce ya gama tashi nake nufi ba. Ina nufin lokacin da lambar layi ta fito, ko famfo ya karɓi umarni, ko aka rubuta zafin firjin rigakafi.

Na biyu kuɗi, kuma a ciki ka lissafa har da kwanakin da za ka ɓata, da datar da za ka ƙona, da jiran kaya su taso daga Duwala su bi jirgin ƙasa zuwa Ngaundare su hau mota, ko su shigo ta Mubi. Na uku juriya: yankewar wuta, zafi, ƙurar hunturu. Na huɗu sauƙi, wato wa zai iya gyara ta ranar da ba ka gari? Na biyar haɗari: me za ka rasa in abin ya ƙi?

## Kafin ka taɓa komai, ka auna

Na'urar Linux hawa-hawa take tashi. Da farko ƙaramin shiri da ke cikin kwakwalwar allon, wato farantin kwamfutar, tun daga masana'anta, wanda ba ya canzuwa. Shi zai ɗauko mai tada na'ura, wanda a yawancin alluna U-Boot ne. Shi kuma ya ɗauko kanel, zuciyar Linux, ya kwance shi a RAM, ma'ajin wucin gadi da ke gogewa in wuta ta yanke. Kanel ya gano kayan da ke jikin allon, ya buɗe ma'aji, ya miƙa wa systemd ko BusyBox, masu tada sauran shirye-shirye. Sai daga nan manhajarka ta samu layi.

Hanyar aunawa mafi sauƙi tana aljihunka. Ɗauki bidiyo da waya, soket da sikirin duka a cikin hoto, ka jona wuta, daga baya ka ƙirga. Wannan ce gaskiyar da mai kanti ke gani. Sannan ka buga umarnin systemd-analyze, wanda ke nuna tsawon lokacin tashi. Amma ka sani, a kan Pi da ire-irensa ba ya lissafa sakannin da aka ci kafin kanel ya fara, don haka kullum lambarsa ta fi ta bidiyo daɗin gani. Umarnin systemd-analyze blame kuma yana ruɗar mutane: zai jera maka hidimomi, wato shirye-shiryen da ke aiki a bayan fage, waɗanda suka daɗe, alhali da yawansu tare suke tafiya, ba su ne suka tsare hanya ba. Wanda zai nuna maka mai tsare hanyar shi ne systemd-analyze critical-chain. In kana da wayar siriyal, wadda ke kai saƙonnin allon zuwa kwamfutarka, manhajar grabserial za ta liƙa wa kowane layi lokacinsa tun daga harafin farko. A cikin kanel kuwa, initcall_debug zai tona direba, wato shirin sarrafa wani kayan allo, da ke jan ƙafa.

Akwai tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa a nan. Me ke jiran na'urar? In ɗakin sanyi take kula da shi, ai kwamfuresan kansa ana jinkirta shi 'yan mintuna bayan dawowar wuta don kada ya ƙone. Wahalar rage sakan 20 zuwa sakan 2 a wurin ba ta da riba. In kuma intanet take jira, to modem ɗin ma sai ya tashi ya nemo sabis, kuma sau da yawa ya fi ta daɗewa.

## Hanya ta ɗaya: rage wa tsarin da kake da shi kaya

Wannan ce ta fi kusa, kuma ita mutane suka fi rainawa. Raspberry Pi OS an yi shi ne don ya karɓi kowane irin baƙo: linzami, Bluetooth, kyamara, firinta. Na'urarka kuwa aiki ɗaya gare ta. In sigar mai tebur ka sa, sauka zuwa sigar Lite shi ne babban mataki, ka bar manhajarka ta buɗe kai tsaye a sikirin.

Bayan nan sai ka nemi masu jira. Tun sigar Raspberry Pi OS ta 2023 mai suna Bookworm, NetworkManager ne ke riƙe da sadarwa, kuma yana da wata hidima, NetworkManager-wait-online, wadda ke tsayar da na baya har sai an samu hanyar sadarwa. Ka duba yadda abin ke faruwa a kantin: wuta ta dawo, Pi da modem sun tashi tare, Pi ya riga, sai ya zauna jiran modem. In ka rubuta wa manhajarka After=network-online.target, to da hannunka ka ɗaure ta a wannan jiran. Cire shi, ka koya mata ta fara aiki ba intanet, ta aika bayanai in hanya ta buɗe. Wannan gyara kaɗai yakan fi duk sauran tasiri. Adireshin IP tsayayye ma yana kawar da jiran DHCP, mai raba wa na'urori adireshi. Sai ka kashe Bluetooth da avahi-daemon in ba ka amfani da su, ka sa disable_splash=1 da camera_auto_detect=0 a config.txt, ka ƙara quiet a cmdline.txt.

Wannan quiet ɗin ba ado ba ne. A allon da ke zuba saƙonnin kanel ta siriyal da gudun 115200, haruffa 11,520 ne ke wucewa a sakan. Saƙo mai haruffa 30,000 zai ci fiye da sakan biyu da rabi, kanel na tsaye yana magana da wanda ba ya nan.

Kuɗin wannan hanya: ko sisi. Yini ɗaya ya isa. Duk wanda ya san Debian zai iya gyara ta bayanka, don a kansa aka gina Raspberry Pi OS, kuma apt, mai sa manhajoji da sabunta su, na nan. Inda take da rauni shi ne juriya, matuƙar ka bar tsarin yana rubutu a katin memori. Na taɓa yin tafiyar yini zuwa wani ɗakin shan magani na karkara saboda na'urar da ta ƙi tashi, na tarar wuta ta yanke ne tana tsakiyar rubutu, kati ya hargitse. Tun ranar ba na miƙa na'ura sai na kulle tushenta, wato ɓangaren katin da fayilolin tsarin ke ciki, ya zama na karatu kawai. A raspi-config akwai zaɓin overlay da ke yin haka: duk rubutu sai ya tafi RAM, kati ya huta. Amma fa a kula, abin da ya tafi RAM yana mutuwa tare da wuta. Rasit da lissafin ciniki sai ka ware musu ɓangarensu daban a ma'aji, ka ajiye su a wani abu irin SQLite wanda aka gina don ya jure yankewa a tsakiyar rubutu.

Iyakarta kuma a fili take. Sakannin farko na Pi 4 suna hannun shirin da ke cikin EEPROM, ƙaramin ma'aji a jikin allon, da fayil ɗin start4.elf, waɗanda rufaffu ne, ba ka da ikon sake su.

## Hanya ta biyu: gina naka Linux daga tushe

Nan ne zuciyar matasa ta fi karkata, kuma ban ga laifinsu ba, don aiki ne mai daɗi. Da Buildroot, manhajar haɗa ƙaramin Linux, za ka buɗe make menuconfig, ka zaɓi abin da kake so kaɗai, ya haɗa maka kanel da ƙaramin tsari wanda zai iya zama 'yan megabait. Ba systemd in ba ka so. BusyBox zai tada manhajarka da layuka kaɗan. Tushen sai ka naɗe shi a SquashFS, tsarin fayil matsattse, wanda dama ba a rubutu a cikinsa, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: sauri da juriya.

Daga nan sai sassaƙa. Kowane direban da allonka ba ya buƙata, fitar da shi daga kanel. Kanel ya ƙanƙance, ɗaukarsa ta yi sauri, bincikensa ya ragu. Yadda aka matse shi ma yana da tasiri: XZ ya fi matsewa amma kwancewarsa da nauyi, LZ4 bai kai shi matsewa ba amma nan take yake kwancewa. Wanne ya fi? Ya danganta da ko ma'ajinka ne mai jinkiri ko kwakwalwar allon, sai an gwada akan san na ƙwarai. U-Boot kansa yana zuwa da jiran sakan 2 don ba ka damar danna maɓalli. Mayar da bootdelay sifili. Wanda ke son ya kai ƙarshe sai ya shiga abin da ake kira Falcon, inda ƙaramin sashen farko, SPL, ke tsallake U-Boot gaba ɗaya ya ɗauko kanel da kansa. A alluna irin BeagleBone Black da masu kwakwalwar i.MX6, da irin wannan sassaƙa ake saukowa sakan 2 zuwa 3, wani lokaci ƙasa da haka. A Pi kuwa ba za ka ci wannan ribar duka ba, don shi ba ta U-Boot yake bi ba, kuma wancan rufaffen sashe na nan a gabanka.

Yanzu lissafi. Manhajar kyauta ce, amma lokacinka ba kyauta ba ne. Karon farko sai ka sauke tarin fayiloli, kwamfutarka ta yi awa ɗaya ko fiye tana haɗawa, kuma in wuta ta yanke a tsaka sai haƙuri. Koyo kuwa makonni ne. Yocto, wanda aka fara a 2010 ƙarƙashin Linux Foundation, ya fi Buildroot ƙarfi wurin kula da na'urori iri-iri, amma yana neman faifai mai sarari sama da gigabait 50 da kai mai sanyi. Mutum ɗaya mai na'ura iri ɗaya, Buildroot ya ishe shi.

Haɗarin wannan hanya biyu ne, kuma dukansu sai daga baya suke bayyana. Na farko, ba apt. Duk ƙaramin gyara sai ka sake haɗa hoton tsarin gaba ɗaya ka kai shi wurin. In na'urorinka sun warwatsu daga Mokolo zuwa Yagwa, dole ka tanadi hanyar sabuntawa daga nesa mai ɓangare biyu, irin ta RAUC ko SWUpdate, ta yadda in sabon ya ƙi tashi na'urar ta koma tsohon. Na biyu, ilimin duk yana kanka. Ranar da ka samu aiki a Yawunde, mai na'urar ya zama maraya. In ka bi wannan hanya, rubuta komai, ka ajiye fayilolin saiti inda wani zai samu, kuma ko Falcon ka sa ka bar ƙofar baya, maɓalli ɗaya da in an riƙe shi za a koma cikakken U-Boot.

## Hanya ta uku: canza ma'aji ko allo

Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Katin memori mai arha yana jinkiri wurin karanta ƙananan fayiloli, kuma aikin tashi kusan duk shi ne. Kasuwa ma cike take da na jabu. Araha ba ta ado. Kati na gaske mai alamar A1 ko A2 zai taimaka. Wanda ya fi shi shi ne ma'ajin eMMC da aka liƙa a jikin allo, irin na Compute Module 4 da ya fito a 2020, ko gigabait 4 na BeagleBone Black. Ba ramin da ƙura za ta shiga, ba katin da zai goce in mota ta faɗa rami.

Sai dai sakannin da za ka samu kaɗan ne, kuɗin kuma da yawa, ga jiran kaya. In jiran modem ne ke cin lokacinka, ko ma'ajin zinare ka sa ba abin da zai canza. Ina ɗaukarta ƙari ce a kan ta ɗaya ko ta biyu, don juriya, ba magani mai zaman kansa ba.

## Hanya ta huɗu: ajiye Linux gaba ɗaya

Da yawa daga cikin na'urorin da ake kawo mini ba su da haɗi da Linux tun asali. Aikinsu karanta zafi, duba ruwan tanki, kunna famfon rijiyar burtsatse, aika saƙo. An sa Pi ne don shi aka iya. Irin wannan aiki na maikurokontirola ne, ƙaramar ƙwaƙwalwa mai shiri ɗaya. ESP32 na kamfanin Espressif ya fito a 2016, da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa da RAM kilobait 520. Raspberry Pi Pico ya fito a Janairun 2021 a kan dalar Amurka 4, alhali Pi 4 mafi ƙanƙanta a kan dala 35 aka fitar da shi, ban da kati da caja. Akwai kuma dangin STM32.

Waɗannan kafin ka ɗauke hannu daga soket sun fara aiki, ƙasa da sakan guda. Shirinsu yana zaune a ma'ajin da ba a taɓa shi a aikin yau da kullum, don haka yankewar wuta ba ta cika yi musu illa ba. Wutar da suke sha ba ta taka kara ta karya ba. Ƙaramin faifan sola da ƙaramin batir sun wadatar. Zafi ma bai dame su kamar Pi 4 ba, wanda ke rage gudu da kansa in ya kai digiri 80, abin da ba wuya ya faru a cikin akwatin ƙarfe a rana tsaka a Kuseri. Ga mai aikin famfo ko firjin rigakafi da dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, ban ga abin da ya kai wannan ba.

Amma kada a yaudare ka. Tashi daban, samun sadarwa daban. Wi-Fi zai ci 'yan sakanni, modem ɗin salula ya fi haka. Sannan duk manhajar da ka rubuta sai ka sake ta, a C ko MicroPython, cikin ɗan ƙaramin wuri. In aikinka na buƙatar babban sikirin, bidiyo, firintar USB ko rumbun bayanai mai nauyi, za ka sha wahala ka kuma dawo.

Akwai tsaka-tsaki da nake ƙauna: a haɗa biyun. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta kama aikin gaggawa nan take, Linux ya taso a tsanake ya karɓi sikirin da intanet. Wasu kwakwalen ma a haɗe suke zuwa, kamar STM32MP157 mai Cortex-A7 biyu na Linux da Cortex-M4 ɗaya, wanda U-Boot ke iya tadawa tun Linux bai farka ba. Shirye-shirye biyu ke nan za ka riƙa kula da su, to ka tabbata aikin ya cancanci haka.

## Hanya ta biyar: kada ta mutu tun farko

Wanda ya ce wa ƙanena ya sa batir bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya fi kowa kusa da gaskiya. In gibin 'yan mintuna ne tsakanin ɗauke wuta da tada janareta, na'urar da ba ta mutu ba ba ta da lokacin tashi.

Ga lissafin. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7, irin na cikin UPS, yana ɗauke da wat-awa 84. In na dalma ne rabi kawai ya kamata ka sha, 42 ke nan. Cire abin da mai sauke wuta zuwa bolt 5 zai ɓatar, ya rage wajen 35. Pi 4 da modem in suna shan wat 5, ka samu awa 7. Sikirin da firinta kada ka ɗora su a kai, su jira janareta; su ai nan da nan suke dawowa. Mai sauke wutar kuma ya zama mai ƙarfi, don Pi 4 amfiya 3 ake ba shi, kuma da wuta ta sauka ƙasa da bolt 4.63 zai fara ƙorafi.

Rauninta zafi. Batir ɗin dalma an auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba ta biyu. Ka auna da ɗakin kwano a Garwa a watan Afrilu. Na LiFePO4 ya fi tsada a saye, amma yana jure caji da sauka sau dubbai, ya kuma fi haƙuri da zafi. Ƙaramin bankin cajin waya kuwa ban yarda da shi ba: da yawansu suna yanke fita na ɗan ƙiftawar ido sanda aka ɗauke wuta ko ta dawo, kuma wannan ƙiftawar ta isa ta kashe Pi.

Babban haɗarin shi ne sakankancewa. Batir zai tsufa shiru ba wanda ya sani, ko a ɗauke wuta kwana biyu. Don haka ko da batir, sai ka kulle tushe kamar yadda na faɗa, ka kuma sa na'urar ta riƙa duba ƙarfin batir ta kashe kanta cikin tsari kafin ya ƙare. Masu tambayar sa na'ura barci maimakon kashe ta, su sani barcin ma wuta yake so don RAM ta riƙe abin da ke cikinta, kuma Pi bai ma iya irin wannan barcin ba.

Wani abu da ake mantawa, ko wace hanya ka bi: Pi 4 ba shi da agogo mai batir. In ya tashi ba intanet, kwanan watansa zai zama na baya, rasit ya fita da lokacin ƙarya. Ƙaramin agogo mai batir irin DS3231 ya raba gardama. Pi 5 ya zo da nasa agogon, batir kawai za ka jona.

## A taƙaice a tebur

Lokutan nan ƙiyasi ne na abin da aka saba gani. Naka allon shi zai faɗi gaskiyarsa.

| Hanya | Lokacin tashi | Kuɗi | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Rage kaya | Sakan 10 zuwa 20 a Pi 4 | Babu | Mai kyau in an kulle tushe | Yini ɗaya | Kashe hidimar da ake buƙata |
| Buildroot ko Yocto | Ƙasa da 10 a Pi. 2 zuwa 3 a allo mai U-Boot | Makonni da data | Mai kyau ƙwarai | Da wuya | Ba mai gyara sai kai |
| Sabon ma'aji ko allo | Ragin sakanni kaɗan | Mai yawa | Ta ƙaru sosai | Matsakaici | Kashe kuɗi inda ba nan ciwon yake ba |
| Maikurokontirola | Ƙasa da sakan 1 | Mafi arha a kaya | Mafi ƙarfi | Sai an sake rubuta manhaja | Aiki ya fi ƙarfinsa |
| Batir | Babu, muddin da caji | Matsakaici, ana maimaitawa | Zafi na cin sa | Mafi sauƙi | Ya mutu ba a sani ba |

## Wa ya dace da wacce

In na'ura ɗaya ce ko biyu a kanti, asibiti ko ofis mai janareta, haɗa ta ɗaya da ta biyar: rage kaya, kulle tushe, sa wa Pi da modem kaɗai batir.

In aikin aunawa ne da kunnawa da kashewa, a gona, a rijiya, a ɗakin sanyi, musamman inda zuwa gyara tafiyar yini ce, kama ta huɗu kada ka waiwaya.

In sana'a kake son kafawa, na'ura iri ɗaya guda hamsin ko ɗari, kuma dole sai Linux, to Buildroot ya cancanci makonninka, a kan allo mai eMMC da U-Boot, da hanyar sabuntawa mai ɓangare biyu tun ranar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In abin hawa ne, ko na'urar da rai ko dukiya ke rataye da sakanninta na farko, haɗa ƙaramar ƙwaƙwalwa da Linux, ka ba ƙaramar aikin da ba ya jira.

Ƙanena kuwa, abin da na ce masa shi ne ya bar Buildroot tukuna. Ya ɗauki bidiyo ya ƙirga, ya turo mini abin da critical-chain ya nuna, ya sauka zuwa Lite, ya kwance manhajarsa daga jiran modem, ya ware wa rasit ɓangarensu, sannan ya sayo DS3231 da batir ɗaya. ESP32 ɗin kuma ya ajiye shi, don akwai wani mai lambun albasa da ya riga ya yi masa maganar famfo.